Wai suna ne kawai? Haba Dakta

Awa biyu da rabi na yi jiya da daddare ina sauraron laif ɗin nan, wato tattaunawar kai tsaye a intanet, na ɗaga hannu har na gaji ba a ba ni magana ba, data ta ta tafi a banza, to bari in yi tawa a nan inda babu mai kashe min makirfo. Duk wanda ya shiga ya ji abin da Dakta ya faɗa, wai shi bai ga abin tayar da jijiyar wuya a maganar auren jinsi da Turawa ke ta rigima a kai ba, wai ai mafita a fili take, a ba su sibil yuniyon, wato zaman tare na rajista a ofishin gwamnati, a bar wa sauran mutane kalmar aure, kowa ya kwana lafiya, tunda dai bambancin suna ne kawai. Sai ga mutane suna ta turo tafi da wuta da zuciya kamar ya gano maganin sauro. Wani har da cewa wannan shi ne hikima. Hikima! Maganar da aka yi ta aka gama tun wasu daga cikin masu tafin ba su fara rarrafe ba.

Dakta, da girmanka da kujerarka, wannan zancen ba sabo ba ne kuma an gwada shi, ba sau ɗaya ba ba sau biyar ba. Zaman rajista zango ne, ba gari ba ne. Ayari ya sauka ya huta ya sha ruwa ya tashi. Denmak ce ta fara a duniya a 1989, ta ce ga rajista amma ba ɗaukar riƙon yara ba ɗaurin aure a coci, a 2012 ta mayar da shi aure. Holan ta yi rajista a 1998, shekara uku kacal, ranar 1 ga Afrilun 2001 ta zama ƙasa ta farko da ta halatta auren kai tsaye. Norwe 1993, aure 2009. Suwidin 1995, aure 2009. Jamus 2001, aure 2017. Ingila an fara rajista a Disambar 2005, an fara ɗaura aure a Maris ɗin 2014. Girka 2015, aure 2024. In ci gaba? Ayalan, Ostiriya, Siwizalan, duk hanya ɗaya suka bi kamar an ja musu layi da alli. Wannan ba ra'ayina ba ne, kalanda ce. Idan mota goma sha biyu suka tsaya a wuri ɗaya suka sha mai suka wuce, kai kuma ka zo ka ce nan ne ƙarshen tafiya, to ko dai ba ka kallon titi ko kuma akwai wanda kake so ya sauka a jeji.

Tun kafin wani ya zo ya fassara ni, ni matsayina a kan aure ba ɓoyayye ba ne, abin da addinina ya ce shi na riƙe, namiji da mace, kuma ban zo neman iznin kowa a kai ba. Amma abin da ya hana ni barci jiya ba wannan ba ne. Abin da ya ƙona min rai shi ne rainin hankali, a ce wa mutane rigimar da ta cinye shekara talatin da ɗoriya a kotuna da majalisu da tituna wai rashin fahimta ce ta suna, kamar duk alƙalan nan da limaman coci da lauyoyi da miliyoyin da suka yi zanga-zanga ta kowane ɓangare ba su da wayon Dakta.

Sunan shi ne rigimar. Ku riƙe wannan.

Ga inda maganar Dakta take karyewa, kuma ta ko'ina aka bi sai ta karye. Zaman rajistar nan ɗayan biyu ne, ko dai haƙƙoƙinsa ba su kai na aure ba, ko kuma sun kai. Idan ba su kai ba, to ƙarya ne a ce suna ne kawai. Ɗauki Faransa, rajistarsu da suke kira PACS wadda aka kawo a 1999, idan ɗaya ya mutu bai bar wasiyya ba ɗayan ba ya gadonsa, fanshon mamaci da ake ba matar aure ko mijin aure shi ba ya samu. Wannan suna ne? Ɗauki Amurka, jihar Vermont ta kawo rajista a 2000, takarda ce mai aiki a cikin jihar, ka tsallaka iyaka zuwa jihar da ba ta san da ita ba ta zama takardar ƙunshe gyaɗa, gwamnatin tarayya kuma ko kallonta ba ta yi. Ofishin bincike na majalisar dokokin Amurka ya ƙirga a 2004 ya samu wurare 1,138 a dokokin tarayya inda kasancewar mutum mai aure ke shafar abin da zai samu ko abin da za a cire masa, haraji ne, fansho ne, biza ce, haƙƙin iyalan soja ne. Dubu ɗaya da ɗari da talatin da takwas, Dakta. Suna ne kawai ko?

To sai ka ce shi kenan a cike musu haƙƙin duka, a daidaita komai, sunan kaɗai za a riƙe. Madalla, yanzu ka shiga rami na biyu kuma ya fi na farko zurfi. Ranar da gwamnati ta ba mutum biyu gado da haraji da inshora da iznin yanke shawara a asibiti da riƙon yara, daidai da na ma'aurata, ta riga ta amsa da bakinta cewa ba ta ga bambanci tsakaninsu ba. Washegari lauya zai shiga kotu ya yi tambaya ɗaya tak, tunda komai ɗaya ne, me ya sa layi biyu, me ya sa fom biyu? Kuma lauyan gwamnati ba shi da amsa, domin amsar gaskiya ita ce addini da al'ada da tarihi, su kuma ƙasashen nan sun rubuta a tsarin mulkinsu cewa kowa daidai yake a gaban doka, kuma kotunansu ba sa karɓar aya a matsayin hujja. Haka aka yi a jihar Massachusetts ta Amurka, bayan hukuncin 2003 da ya ce hana auren jinsi ya saɓa wa tsarin mulkin jihar, majalisar dattawan jihar ta aika wa kotun ƙoli ta jihar tambaya, idan muka ba su rajista mai cikakken haƙƙi ya wadatar? A Fabrairun 2004 kotu ta ce a'a, raba sunan kansa mayar da mutane ne 'yan aji na biyu. A Mayu aka fara ɗaura aure. Haka aka yi a Ostiriya a Disambar 2017, can ma hujjar da kotun tsarin mulki ta kawo ta fi ba ni mamaki, cewa ta yi duk lokacin da mutum ya cike fom ya zaɓi akwatin rajista maimakon akwatin aure, ya tona wa ma'aikacin da ke gabansa irin rayuwar da yake yi ko yana so ko ba ya so. A Jamus kuwa kotu ce ta dinga cike giɓin kaɗan kaɗan, yau fansho gobe harajin gado, a 2013 harajin albashi na ma'aurata, har ya zama abin da ya rage tsakanin biyun bai taka kara ya karya ba, a 2017 majalisa ta kaɗa ƙuri'a 393 da 226 aka wuce wurin. Angela Merkel, shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin, ta buɗe ƙofar ƙuri'ar ta kuma jefa tata a kan ƙin amincewa, siyasa kenan, ta raba ƙafa a bainar jama'a kuma ta sha.

Kun gani? Ka ba da rabi a ce ka yi zalunci, ka ba da duka a ce to me ya rage. Babu tsakiya. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Kuma abin dariyar, ɓangarorin biyu duk sun san haka, Dakta ne kaɗai da masu tafinsa ba su sani ba. Masu neman auren jinsi ba su taɓa cewa rajista ce burinsu ba, sun karɓa ne saboda ita aka miƙo. Masu adawa kuma ba su taɓa yarda cewa rajista sulhu ce ba. A Vermont gwamna Howard Dean a ofis ya sa wa dokar hannu ba kyamara ba biki, duk da haka jihar ta ɗauki zafi har wasu 'yan majalisar da suka goyi baya suka rasa kujerunsu a zaɓen wannan shekarar. A Faransa 'yar majalisa Christine Boutin ta shafe sa'o'i tana magana a zauren majalisa tana adawa da PACS, har da ɗaga Baibul. A 2003 fadar Vatican ta fitar da takarda tana cewa mabiyanta su yi adawa da rajistar ma, ba auren kaɗai ba. Ko dokar Najeriya ta 2014 mai haramta auren jinsi da Jonathan ya sa wa hannu ba ta raba su ba, aure da rajista a jimla ɗaya ta haɗa su. Wato duk wanda abin ya dama da gaske, ta dama ko ta hagu, ya san ɗan Juma ne da ɗan Jummai.

Su wa ke son maganar rajista? 'Yan siyasa. Su ne kaɗai. Domin ita ce rigar da za ka sa ka je coci da safe ka je taron masu fafutuka da yamma ba wanda ya jefe ka. Ministar shari'ar Faransa ta lokacin, Élisabeth Guigou, ta tsaya a majalisa a 1998 ta tabbatar wa kowa cewa PACS ba aure ba ne kuma ba hanyar aure ba ne, shekara goma sha huɗu bayan kafa shi, a 2013, gwamnatin jam'iyyarta ta kawo auren. Obama a kamfen ɗin 2008 ya ce aure na namiji da mace ne, shi rajista yake goyon baya, a Mayun 2012 ya ce ya canza ra'ayi. Ko Bush ƙarami da ya nemi a gyara tsarin mulki a hana auren jinsi, dab da zaɓen 2004 ya ce bai ƙi jihohi su yi rajista ba. Ban ce duk ƙarya suka yi ba, mutum yana canzawa, amma dan Allah idan alkawari iri ɗaya ya karye a ƙasa goma, ni kuma aka zo min da shi karo na goma sha ɗaya aka ce in yi tafi, ai an raina ni.

Na san me za a ce, tun jiya wani ya fara, ai ga Italiya, tun 2016 suke da rajista har yau ba su yi aure ba, ga Kuroshiya ga Hangari. Naji. Kuroshiya da Hangari sai da suka rubuta a cikin tsarin mulki cewa aure namiji da mace ne, wato sun san inda motar ta dosa shi ya sa suka sa mata dutse a taya, wannan ai hujjata ce ba taku ba. Italiya kuwa shekara nawa aka yi? Denmak sai da ta yi 23 a zangon kafin ta tashi. Kuma ku je ku ga dambarwar da aka sha kafin dokar Italiyan ta wuce, don kawai a nuna cewa ba aure ba ce sai da aka cire maganar riƙon ɗan abokin zama, aka kuma cire wajabcin riƙon amana tsakanin mutum biyun, wato majalisa ta zauna da hankalinta ta ce bambancin mai aure da mai rajista shi ne mai rajista doka ba ta ce kada ya ci amana ba. Kai jama'a. Idan sai ka yi irin wannan lanƙwasa kafin ka nuna abu biyu sun bambanta, ai ka gama ba da amsa.

Wani kuma zai ce ai Fafaroma Francis da kansa ya goyi bayan rajista a 2020. Ya yi, kuma bai canza koyarwar cocinsa a kan aure ba, kuma da fadarsa ta zo da maganar sa wa masu jinsi ɗaya da ke zaman tare albarka a ƙarshen 2023 bishop-bishop na Afirka suka ce su ba za su yi ba. To ina kwanciyar hankalin da aka ce tsakiya tana kawowa? Ko a cikin coci ɗaya ba ta kawo ba.

Bari in sauke murya kaɗan, domin akwai abin da ba na wasa ba ne a ciki. An yi wata tsohuwa a New York, Edith Windsor, ta zauna da abokiyar zamanta sama da shekara arba'in, ta yi jinyarta shekara da shekaru, sun je Kanada an ɗaura musu aure a 2007, a 2009 waccan ta rasu. Gwamnatin tarayya ta ce a wurinta baƙi ne ga juna saboda dokar 1996 da Clinton ya sa wa hannu wadda ta ce aure na namiji da mace ne, ta caje ta harajin gado dala 363,053, kuɗin da da miji ne ya mutu ya bar mata ko sisi ba za ta biya ba. Ta kai ƙara ta yi nasara a kotun ƙoli a 2013. Ni ban yarda da irin zaman da suka yi ba, na faɗa na kuma, amma ƙarya nake idan na ce ban gane abin da ya kai ta kotu ba. Mutum ne, an yi masa mutuwa, an miƙo masa takardar haraji. Kuma ku lura da abin da ya biyo baya, bayan wannan hukunci gwamnatin tarayya ta fara amincewa da masu takardar aure amma ba masu takardar rajista ba, sai jihar New Jersey da ta riƙe rajista tun 2007 ta wayi gari mutanenta ba su da abin da maƙwabtansu ke da shi, cikin 'yan watanni kotun jihar ta ce a ɗaura aure. Shekara biyu bayan nan, 26 ga Yunin 2015, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu aka halatta shi a duk Amurka. Kalma ɗaya ce ta raba mai samu da mai rasawa. Ta ɗaya ɓangaren kuma akwai dattijon da ya yi imani har zuciyarsa cewa aure ba gwamnati ce ta ƙirƙiro shi ba balle ta sake masa ma'ana, ya ga kalmar da aka ɗaura wa iyayensa da kakanninsa an buɗe ta an zuba wani abu a ciki, an kuma ce jikansa zai koyi sabuwar ma'anar a makaranta. Shi ma ba mahaukaci ba ne, shi ma a kan kalmar yake kuka. Dukansu biyu sun fi Dakta girmama kalmar aure, shi da ya ce suna ne kawai.

Su kuma masu shigowa da zagi da tsinuwa da a kashe a ƙone, dan Allah ku matsa can, ba da ku nake ba. Zagi ba hujja ba ne, kuma ku ne kuke sa duk wanda ya riƙe matsayin addininsa a ɗauke shi jahili. Haka masu cewa ai wannan matsalar Turawa ce ina ruwanmu, to me ya zaunar da ku awa biyu da rabi kuna saurare?

Abin da nake nema ɗaya ne, duk wanda zai yi magana ya faɗi inda ya tsaya. Kana goyon bayan auren jinsi, faɗa, mu san da wa muke gardama. Ba ka goyon baya, faɗa, ka kuma shirya amsa tambayar gado da asibiti da haraji domin za a yi maka ita. Amma kada ka tsaya a zango ka kafa tanti ka ce wa mutane an iso. Ba a iso ba, ba a taɓa isowa a nan ba, kuma direban ya sani.

Wani abu ma da ya faɗo min yanzu, PACS ɗin nan na Faransa da aka yi ta faɗa a kansa saboda masu jinsi ɗaya, kun san su wa suka cika shi? Maza da mata. Sama da kashi 90 cikin ɗari na masu yin sa namiji ne da mace, kusan dubu 200 a shekara, yana neman kamo adadin auren kansa. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne, fita ba wuya, mutum ɗaya zai iya warware shi ta hanyar aika wa ɗayan sanarwa ta hannun ma'aikacin shari'a, ba zaman kotu ba doguwar shari'ar saki. A Ingila ma wani saurayi da budurwarsa ne suka kai gwamnati har kotun ƙoli suna cewa su ma rajista suke so ba aure ba, suka ci a 2018, ƙarshen 2019 aka buɗe wa kowa. Wato ana can bakin ƙofa ana dambe a kan wa zai shiga, na cikin ɗakin suna ta fita ta taga ba wanda ya kula. Wannan shi ne laif ɗin da ya kamata a yi, kuma in za a yi, mai gabatarwa dan girman Allah ka sa wa kowa minti biyar, jiya mutum ɗaya ya riƙe makirfo minti ashirin da bakwai na duba agogo, rabin lokacin gaisuwa yake yi, ga wani can ya manta bai kashe nasa ba muna ta jin yana faɗa da yaro a kan caja.